Kawu da Ragonsa a Kujerar Lauratu

Zuwa ga Hajiya Kulu, mai Filin Shawara.

Assalamu alaikum. Hajiya, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin saura mako huɗu ranar da na sa ta cika, ga shi na ƙulla wa kaina abin da na kasa kwancewa. Na daɗe ina karanta filin nan naki, har dariya nake yi wa masu rubuto miki, ina cewa ƙato da gemunsa ya rasa inda zai kai kukansa sai jarida. To, yau ga ni. Kada ki buga sunana. Sunayen da za ki gani a ciki ma duk na sauya su, ko da yake na san duk mutumin Gaya da ya karanta zai gane ni kafin ya kai tsakiya.

Ni malamin gona ne. Shekarata goma sha bakwai ina wannan aiki a ƙasar Gaya da Ajingi. Daga Balan zuwa Gafasa zuwa Toranke da wuya a sami gonar da ban taka ba, da fari a kan keke, daga baya a kan babur. Bana Allah ya hore mini na sayi tsohuwar Fijo mai dogon baya a hannun wani likita da zai koma ƙasarsu. Matata, bari in kira ta Lauratu, muna da 'ya'ya uku mata: Karimatu, Wasila da 'yar autarmu Baiwa.

Abin da nake so in yi ba mugun abu ba ne, sai dai a garinmu ban taɓa ganin wanda ya yi shi ba. So nake in ɗebi iyalina mu yi tafiya wadda ba biki, ba ta'aziyya, ba asibiti, ba fatauci. Na sami hutun kwana ashirin da ɗaya, ya dace da hutun 'yan makaranta na Disamba. Na tsara mu bi ta Birnin Kudu mu sauka Bauci, mu shiga dajin Yankari yara su ga giwa da ɓauna da dorina da idonsu. Daga nan mu hau Jos, mu gangara a hankali mu ƙetare Kwara a Jebba, mu kwana Ilori, mu kwana Badun, har mu dangana da Ikko mu tsaya a bakin teku. Ba gaggawa. Inda muka ga inuwa mai kyau mu shimfiɗa tabarma. Taswirar da na aro a ofis har ta fara yagewa don yawan buɗewa.

Za ki ce me ya kai malamin gona wannan rigima. Bari in gaya miki.

Shekara goma da suka wuce mahaifiyata ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta shekara tara a kwance. 'Yan'uwana mata duk suna aure a nesa, sai su zo su yi kwana biyu su koma. Lauratu ce ta ɗauki Inna. Ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ita ke wanke zannuwan da ni ɗan cikinta ba na iya tsayawa kusa da su, ita ke ba ta kunu da ludayi kaɗan-kaɗan har ya huce a sake ɗumamawa. Shekara taran nan ba ta kwana a wani gida ba ko sau ɗaya. Bikin ƙanwarta, da hantsi ta je, la'asar a gida ta yi mata. Da mahaifinta ya yi doguwar jinya a Gafasa, sau biyu kacal ta samu ta leƙa shi, shi ma yini. Ban taɓa jin ta yi tsaki ba. Bara da kaka Allah ya karɓi ran Inna, a kan cinyar Lauratu ta cika.

A cikin shekarun nan akwai abu ɗaya da take yawan roƙona. Tun muna sabon aure an tura ni kwas Badun, aka kai mu Ikko yini ɗaya na ga teku. Da na dawo na ba ta labari. To, duk ranar da aiki ya yi mata yawa, tana durƙushe a gaban bahon wanki, sai in ji ta ce, "Malam, ƙara ba ni labarin ruwan nan mana." Na ba ta shi ya fi sau ɗari, har na fara ƙara gishiri don kada ya gundure ta. Giwa kuwa kakanta ne ya sa mata ita a rai, da yake ba su labarin yadda a zamanin da suke ratsa dajin garinsu. Ita dai a littafin makarantar Karimatu kaɗai ta taɓa ganinta. Bayan an yi arba'in ɗin Inna na zaunar da ita na yi mata alkawari, na ce in Allah ya ba ni mota, tafiyar farko tata ce. Ta yi dariya ta ce Allah ya kai mu, kamar ba ta ɗauka da gaske ba. Amma ranar da motar ta shigo gida, kafin mako ya zagayo na ga ta fito da turmin atamfar da ta yi shekaru tana ɓoyo a adaka, ta aika wa tela.

Yanzu ga inda na yi ɓarna. Kin san a wurinmu mai doguwar tafiya ba ya tashi haka kawai, sai ya bi manya gida-gida ya yi sallama, a yafe wa juna, a sa masa albarka. Mai hankali saura kwana biyu ko uku yake yi. Ni ɗoki ya ɗebe ni na fara tun saura mako shida. Na fara da Toranke, wurin Kawu Barau, wan mahaifiyata, wanda shi ne ya rage mini a matsayin uba. Na same shi a zaure da dattawa kusan takwas. Da na ce zan yi tafiya Ikko da iyali, sai ya gyara zama ya ce lafiya dai ko, aiki ne ko sauyin wuri aka yi mini?

Hajiya, wallahi na dubi fuskokin dattawan nan, mutanen da nake tsayawa a gabansu ina koya musu zuba takin zamani, na rasa ta yadda zan ce zan ƙona mai har mil ɗari bakwai da ɗoriya don matata ta kalli giwa da ruwa. Na san abin da zai biyo baya. Kafin kasuwar Gaya ta ci za a ce boko ta taɓa malamin gona, ko a ce ya zama mijin-ta-ce. Sai na ji kaina ina cewa zumunci ne, za mu je mu gano 'yan'uwanmu da ke can kudu.

Ban rufe baki ba Kawu ya ɗaga hannuwa sama. Ya ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Ashe zan ga Maiwada da idona kafin in mutu." Maiwada ɗansa ne, yana sayar da goro a Agege ta Ikko, shekara bakwai rabonsa da gida, ga matarsa can wurinsa da tsohon ciki. Dattawa suka yi ta sa mini albarka. Ni kuwa na bi su da amin.

Daga ranar gidana ya zama tasha. Ashe babu gidan da ba shi da wani a kudu. Wannan ɗansa soja ne a Ikko, wancan ƙaninsa mahauci ne a Sabon Garin Badun, waccan 'yarta tana aure a Ilori. Gwaggo Dada ta Balan, ƙanwar mahaifina, ta zo da kanta da ƙullin daddawa ya kai girman tulu, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu a kwalabe shida, a kai wa 'yarta a bariki can Ikko. Ta ce ai ba su da nauyi. Kowa haka yake cewa. Yanzu a zaurena akwai buhun gero uku, da na wake, da tabarmi, da akushi, da wasiƙu sun fi talatin, wasu ma babu adireshi sai suna da cewa a tambaya a masallacin Hausawa. Ranar Lahadi na gwada loda rabinsu, bayan motar ya kusa taɓa ƙasa.

Sai kuma Kawu ya aiko da rago. Na suna ne, wai in matar Maiwada ta sauka lafiya a yanka wanda ya ci harawar gida. Yana ɗaure a gindin darbejiyar tsakar gidana, ya riga ya cinye wa Wasila rabin littafin lissafi. Ki taya ni tunani, Hajiya, ta yaya zan shiga dajin da ake cewa akwai zaki da rago yana kuka a bayan mota? Da na ɗan gutsura wa Kawu cewa za mu biya ta wani daji a ƙasar Bauci, sai ya ce, "Wane daji kuma? Mu da muke yini korar biri a gona, mu tafi har Bauci kallon biri?" Shi a lissafinsa kwana biyu mun isa Agege, in ajiye mota mu zauna ana gaishe-gaishe har hutuna ya ƙare.

Kayan ba su ne suka fi damuna ba. Ko da na ɗaure su duka a kariyar saman mota, wuri ya samu, akwai abin da ya fi wuri. Kawu suruki ne a wurin Lauratu, surukin ma babba. Shekararmu goma sha biyar da aure ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba, daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi kanta a ƙasa. Ki sa wannan mata a mota ɗaya da shi mako uku. Ba za ta sha ruwa ba sai ya kau da kai. Ba za ta ce a tsaya tana son zagawa ba ko da za ta mutu. In giwa ta fito gabanta ba za ta iya ko salati da ƙarfi ba, balle ta yi dariya ko ta nuna wa 'ya'yanta da yatsa. Shi ne zai zauna a gaba kusa da ni, inda na yi wata uku ina hango ta, ita kuwa tana can baya cikin lulluɓi tsakanin buhu da daddawa. Wannan ba tafiya ba ce, wata jinyar ce.

Ita ma ta riga ni ganewa. Ranar Juma'ar da ta wuce na dawo daga masallaci na tarar tana mayar da sababbin ɗinkunan nan cikin adaka, tana ninke su ɗaya-ɗaya. Ban tambaye ta ba ta ce, "Malam, ku je kawai. Kawu ya fi ni buƙata, ɗansa zai gano. Ni wa na ajiye a can? Ruwa ne, ai ba ƙafewa zai yi ba." Ta faɗa tana murmushi, ta tashi ta kawo mini abinci. Da kuka ta yi ko ta yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. Na zauna da tuwon nan a gabana na kasa kai loma, kunya da baƙin ciki suka rufe ni, domin na san da bakina na sayar da ita a zauren Toranke.

To, Hajiya, na yanke magana ɗaya, kuma ba wanda zai tayar da ni daga kanta: ba zan tayar da motar nan zuwa kudu ba sai Lauratu tana ciki, kuma tana ciki da sakewa. Ba shawarar in fasa nake nema ba, kada ma ki ba ni ita. Hanyar fita nake nema. Na yi tunanin mu sulale tun da asuba ba wanda ya sani, amma ina zan sa fuskata in na dawo, ga shi da mutanen nan nake aiki? Na yi tunanin in ce mota ta lalace, in bari ƙura ta lafa, amma hutun ya wuce ke nan, kuma ban san abin da baɗi za ta zo da shi ba. Na yi tunanin in gaya wa Kawu gaskiya, sau biyu ina zuwa har bakin Toranke ina juyowa. Tsohon nan kullum sai ya aiko a tambayi saura kwana nawa, an ce har wankin babbar rigarsa ya bayar. Ina ƙaunarsa, kuma shi ma hakkinsa yana kaina.

Sannan in kin san hanya ki ƙara mini haske. Dajin nan ana barin irinmu mu shiga, ko sai Turawa da manyan ma'aikata? Kwana ashirin da ɗaya za su isa ba tare da an wahalar da yara ba? Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙa, ba ni da wanda zan faɗa wa a nan.

Naki,
Malamin Gona Mai Tsohuwar Fijo, Gaya.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Inna, ya saka wa Lauratu da mafificin alheri. Ka kwantar da hankalinka, ba zan ce ka fasa ba. Tafiyarka ba ta da aibu, taswirarka ma ba laifi. Magana guda ce ka faɗa a zaure wadda ba gaskiya ba, ita ce ta haifi buhunan nan da ragon, kuma sai ka koma ka gyara ta sannan motarka za ta yi sauƙi.

Da farko bari in tsaya wa mutanenka, domin na ji kana neman ka mayar da su masu laifi. Ba su yi maka komai ba. Kai ka ce zumunci za ka, su kuwa suka yi abin da ake yi wa mai tafiya zumunci tun kaka da kakanni. Gwaggo Dada ba daddawa take aikawa ba don babu ita a kasuwar Ikko, so take 'yarta ta buɗe ƙulli ta ji ƙanshin ɗakin uwarta. Kawu Barau kuwa shekara bakwai bai ga ɗansa ba, ga tsufa, ka zo ka buɗe masa ƙofa a gaban jama'a. Saboda haka maganar sulalewa da asuba ka binne ta, haka ma ta lalacewar mota. Ƙarya ce ta kawo ka nan, wata ƙaryar ba za ta fitar da kai ba, kuma saƙon da ka karɓa ya zama amana.

Yanzu kai. Ka ce kunyar yawon buɗe ido ka ji. Ni ban yarda ba. Da abokanka na ofis za ka ɗiba zuwa kallon giwa, da ka faɗa kana dariya. Abin da ka ji kunya shi ne a san ka yi wa matarka abu don ka gode mata. Matar nan ba ta ji kunyar wanke zannuwan mahaifiyarka a tsakar gida shekara tara ba, kowa yana shiga yana fita. Ba na faɗa don in ƙara maka ciwo, na ga ka riga ka ji a jikinka. Na faɗa ne don ka san ainihin abin da za ka je ka furta.

Ka koma Toranke cikin makon nan, kada ka sake juyowa daga bakin gari. Kada ka same shi a zaure cikin mutane, ka nemi ganinsa a cikin gida, kai da shi. Ka riƙa masa goro, ka zauna a ƙasa, ka ce ka zo neman gafara ne domin ranar nan nauyin dattawa ya sa ka faɗi abin da ba shi ke nan ba. Sannan ka gaya masa yadda ka gaya mini: alkawari ne ka ɗaukar wa Lauratu saboda jinyar Inna. Ka manta wane ne Kawu? Wan marigayiyar ne. Ƙanwarsa ce aka yi wa hidimar nan. Duk zuwan da ya yi dubiya ya ga ɗakin, ya ga shimfiɗar, ya ga hannun da ke riƙe da ludayin. A duk ƙasar Gaya babu wanda ya fi shi sanin abin da matar nan ta yi. Zai iya yi maka faɗa, kuma ka cancanta, sai ka sunkuyar da kai ka sha. Ina kyautata zaton in ya huce shi zai tare maka bakin sauran. In kuma bai huce da wuri ba, ka ci gaba da gaishe shi kana shirinka. Fushin kawu yana wucewa.

Amma kada ka je masa hannu rabbana da ban haƙuri kaɗai, ka tafi da hanyar da zai ga ɗansa. Jirgin ƙasa yana tashi daga Kano har Ikko, kuma ya fi wa tsoho daɗi a kan ya yi kwana goma a takure kuna ratse-ratse. Ka buga wa Maiwada waya tun yanzu ya san rana ya tare shi a tasha. Kai da kanka ka ɗauki Kawu a motar nan, a kujerar gaba, ka kai shi Kano, ka yanka masa tikiti, ka haɗa shi da wani amintacce cikin fatake masu zuwa kudu, ba a rasa su. Ƙullin Gwaggo Dada ya bi shi. Ragon da buhunan ka nemi masu kai dabbobi da kaya kudu daga kasuwar Wudil, aikinsu ke nan, kai malamin gona ba sai na nuna maka su ba. Abin da ba shi da adireshi ka mayar wa mai shi da haƙuri. Kai ka riƙe wasiƙu kaɗai, ba su da nauyi, ka miƙa su a Ilori da Badun da Agege. In kun isa ku ware yini ɗaya ku je ku gaida Kawu a gidan ɗansa, wataƙila ma ku tarar da suna. Ka ga zumuncin da ka ambata ya tabbata. Surutun gari kuwa za a yi, kada in ruɗe ka. Za a yi mako biyu a koma maganar farashin gyaɗa.

Sai ka gama da Kawu sannan ka je wa Lauratu. Ni mace ce, bari in fassara maka abin da ta ce. Macen da ta ce ku je kawai tana murmushi ba ta fasa so ba, ta saba ne da a ce ita ce ta ƙarshe, har ta iya riga kowa faɗa. Kada ka tambaye ta ko tana son zuwa, za ta sake cewa a'a don ta raba ka da nauyi. Ka gaya mata ka je ka faɗi gaskiya a Toranke, ka ba ta haƙuri a fili ba da zagaye-zagaye ba, ka faɗa mata rana.

Game da hanya, dajin na kowa ne, ba a tambayar launin fata ko muƙami a ƙofa. Sai dai ka rubuta musu tun yanzu a ajiye muku ɗaki, domin lokacin hutu ana cika. Ku yi kwana uku, kada ku yi ɗaya. Namun daji ba a ɗaure suke ba, wata rana a fita a dawo ba a ga komai ba sai gwanki da birai, washegari a yi kiciɓis da garken giwa. Ka shirya wa yara zuciya tun daga gida. Ku bi maganar masu gadin dajin, kada kowa ya sauka daga mota sai sun ce. Akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi kusa da masauki, yara za su so ta.

Kwana ashirin da ɗaya sun isa in ba ka yi haɗama ba. Kada ka wuce mil ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu a yini, kuma magariba ta same ku a masauki. Ka sa bakanike ya duba motar sosai, ka riƙe safaya biyu, da fambel, da jarkar mai, da ta ruwa. In lokaci ya ƙure ka yanke Jos, kada ka taɓa kwanakin daji ko na teku. Cikin Ikko kada ka ce za ka nuna gwaninta, cunkoson can ba irin na Kano ba ne. Ka ajiye motar a Agege ku ɗauki haya, ko ka tambayi hanyar Badagiri inda bakin ruwan ya fi shiru. Ku je da safe a ranar aiki. Ruwan yana da ja, kada yaran su wuce inda zai taɓa musu idon sawu, kuma hannun Baiwa kada ya bar naka.

Saura abu ɗaya da ba ka ambata ba, amma na san mazanmu. Na tabbata a ranka ka riga ka ware wa risho da tukwane da buhun shinkafa wuri a bayan mota, kana ganin duk inda kuka sauka Lauratu za ta ɗora sanwa. Ka bar su a gida. Kowane gari akwai masu tuwo da masu waina da masu tsire, in ya ƙi ku ci burodi da shayi, ba wanda zai mutu. Za ta yi maka gardama ta ce almubazzaranci ne, kada ka saurare ta. Mako ukun nan kai za ka sauka ka sayo, kai za ka miƙa mata kwano tana zaune. Ranar farko za ta rasa inda za ta sa hannuwanta, tana iya yin kuka ma. Ka ƙyale ta, za ta saba.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sada Kawu da ɗansa, ya sauki matar Maiwada lafiya. Ka gaida mini Lauratu da kyau, ka ce ina yi mata sannu da aiki.

Hajiya Kulu